Adadin da Ya Ƙi Rabuwa

An yi wani sarki a zamanin da kowane gari yake da ganuwa, kowace ganuwa kuma take da ƙofar da ake rufewa, ana ce masa Mu'allayiɗi. Ba azzalumi ba ne a ɗabi'arsa, sai dai mutum ne mai saurin fushi, idan ya yi fushi sai ya rantse, idan kuwa ya rantse to ya ɗaure kansa tamau, domin ya fi tsoron a ce ya karya rantsuwa a kan a ce ya karya mutane. Fadawansa sun san wannan hali sarai, saboda haka mai son wani abu a wurinsa ba ya wahalar da kansa da roƙo, sai dai ya jira ranar da ran sarki ya ɓaci.

Alƙalin wannan sarki shi ne Malam Ukashatu, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya shahara a ilmin gado da hisabi, har ana cewa bai taɓa tashi daga rabon gado ya bar magada suna jayayya ba. Asalinsa mutumin Tsaunin Kanya ne, wani gari na manoma a gefen ƙasar. Neman ilmi ne ya fitar da shi tun yana saurayi, amma mahaifiyarsa, Yalwa, tana can, ta tsufa, ganinta ya yi rauni, kuma duk lokacin da ya aika a kawo ta birni sai ta ce ita ba ta iya barci a ɗakin da ba ta san inda ƙofarsa take ba.

To, wata shekara sarki ya sa a tara gayya don ƙara tsayin ganuwar birni, kuma umarnin ya faɗo daidai lokacin girbi. Mutanen Kanya suka nemi a yi musu jinkiri su kai geronsu rumbu. Jakadan da aka aika musu ya ci mutuncin dattawansu a bainar jama'a, su kuma suka raka shi bayan gari suka rufe ƙofa. Da labari ya iso fada, an riga an ƙara masa gishiri, sai sarki ya miƙe tsaye ya rantse da Allah cewa zai tarwatsa mutanen Kanya, ya raba su kashi-kashi tsakanin masu riƙe masa ƙasa, rabo daidai wa daida, babu kashin da zai fi wani ko da da mutum guda. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba don tausayi ya sa shi ba, ya san hakimansa ne, ya san wanda aka rage wa mutum ɗaya zai riƙe abin a ransa har ya mutu.

Aka kewaye garin, ba a yi wani dogon yaƙi ba, suka buɗe ƙofa bisa alkawarin ba za a zubar da jini ba. Akwai wata al'ada a ƙasar nan da ake bi idan gari ya miƙa wuya. Ana ajiye babbar randa a bakin ƙofa, mutane su fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ya jefa tsakuwa guda, uwa ta jefa wa na goye. Idan na ƙarshe ya wuce sai a rufe bakin randar, daga nan ba a ƙara mata, ba a rage mata, ko wani ya mutu ko an haifi wani, tsakuwar ita ce adadi, kuma a kanta ake yin kowane hukunci. Ƙofa ɗaya kaɗai al'adar ta bari, wadda ake kira ceto: idan mai sarauta a fada yana da ɗan'uwa na jini cikin mutanen, yana da ikon ya sa hannunsa ya cire tsakuwa guda, ya tafi da mutum guda gidansa. A fadar Mu'allayiɗi kuwa babu mai jini a Kanya sai alƙali.

Aka tsugunar da mutanen a wani fili a bayan birni, aka kawo randar fada, aka zazzage ta a kan tabarmi. Masu ƙirga suka ƙirga, suka sake, suka sami dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya. Hakimai tara ne, sai aka shiga tara tsibi tara, kowane hakimi ya zuba wa nasa ido kamar za a sace. Kowane tsibi ya tashi ɗari tara da goma, sai ga tsakuwa guda ta rage a tafin hannun mai rabo, yana juya ta, bai san inda zai ajiye ta ba.

Sarki ya ce a gwada bakwai. Aka gwada, guda ta rage. Aka gwada goma, guda ta rage. Aka gwada takwas, bakwai suka rage. Wani hakimi ya yi raɗa cewa ai tsakuwa ce, a cilla ta bayan katanga mana, sarki ya dube shi kallo ɗaya, hakimin ya sunkuyar da kai.

Sai sarki ya juya ga alƙali ya ce, "Malam Ukashatu, kai ne mai raba abin da ya gagari magada. Ban ɗaure rantsuwata da tara ba. Idan tara ta ƙi, a sa dagatai a ciki, a yi ashirin, a yi ɗari, a yi abin da ya yiwu. Nemo mini adadin kashin da zai cinye tsakuwar nan ba saura. Na san garinku ne, shi ya sa na ba ka, domin in ga ko hisabinka na ƙasa ne ko na gida."

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ji, kuma zan faɗi abin da na samu, ko ya yi mini daɗi ko bai yi ba."

Ya koma gida, ya sa aka share masa yashi a zaure, ya zauna yana zane da yatsa yana gogewa. Bai gwada kowane adadi ba, domin wanda bai rabu gida biyu ba ba zai rabu gida huɗu ko shida ba, wanda bai rabu uku ba ba zai rabu tara ba. Saboda haka ya bi adadan da su kansu ba sa rabuwa, sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, sha tara, yana hawa, kowanne yana bar masa saura. Da ya kai tamanin da tara ya ga saura, sai ya ɗauke hannunsa, domin ya san ba sauran abin gwadawa. Adadin nan yana cikin waɗanda malaman hisabi suka ce ba su da mai raba su sai ɗaya da su kansu. Ya daɗe yana kallon yashin, zuciyarsa ta yi sanyi, domin tun ranar da aka kewaye Kanya bai ci abinci ya ji ɗanɗanonsa ba.

Bai gama jin sanyin ba aka yi sallama da shi, ga Waziri Sammani. Waziri ba mugun mutum ba ne, yana dai cikin mutanen da ke son kowace magana ta ƙare kafin la'asar, kuma hakimai sun dame shi da aike. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, na san abin da ka samu, fuskarka ta faɗa. To ni ma na yi ɗan nawa lissafin, ko da yake ban kai ka ba. Cire guda ɗaya, me ya rage?"

Alƙali ya ce, "Dubu takwas da ɗari da casa'in."

"Yana rabuwa tara?"

"Yana rabuwa tara, da goma, da bakwai, da shida, da biyar, da sha uku. Kusan duk inda ka juya shi yana rabuwa."

Waziri ya ce, "To ka gani. Kuma kai kaɗai ke da hakkin ceto. Mahaifiyarka tana kwance a fili, rana ta dake ta, raɓa ta dake ta. Ka sa hannu ka ɗauki tsakuwarta, ba wanda zai zarge ka, hakkinka ne, har yabonka za a yi. Idan kuwa ka ƙi, wallahi ina jin tsoron sarki ya fusata ya raba su ko ta halin ƙaƙa, ita kuma ta faɗa rabon hakimin bakin hamada, inda ko mai ƙarfi tafiyar take kayarwa. Ka yi tunani."

Wannan magana gaskiya ce daga farkonta har ƙarshenta, abin da ya sa ta yi wa alƙali nauyi ke nan. Da safe ya ɗauki ƙwaryar fura ya nufi filin. Ya ratsa ta cikin mutanen da ya sani tun suna yara, wasu suka gaishe shi, wasu suka kau da kai. Ya sami mahaifiyarsa a gindin wata bishiya, an kafa mata zane don inuwa, maƙwabciyarta Tabawa, wadda ta shekara da shekaru tana kai mata tuwo, tana yi mata fifita. Ya durƙusa ya gaishe ta. Shi ɗan fari ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, Malam take ce masa.

Ta ce, "Malam, kai ne? Ashe ka tuna da mu. An ce kana da ikon ɗaukar mutum guda."

Ya ce, "Haka ne, Inna."

"To me kake jira? Ni fa na gaji. Ƙasar nan ta cinye mini haƙarƙari, ga sauro, ga kukan yara. Da can da kake aikowa ina ƙi, ina da ɗakina ne. Yanzu ba ɗaki. Ka kai ni inda zan miƙe ƙafa in mutu a kan gado kamar 'yar mutane."

Ya so ya yi mata bayanin adadi, sai ya ga ba a yi wa tsohuwa mai ciwon haƙarƙari bayanin adadi. Ya ce kawai, "Inna, idan na ɗauke ki, gobe za a raba sauran. Idan na bar ki, wataƙila ba za a raba su ba."

Ta ce, "Wataƙila?"

Ya ce, "Wataƙila."

Tabawa ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da fifita. Tsohuwar ta ce, "Ni ban san karatunku ba. Na dai san na haife ka." Ta juya masa baya, ba ta taɓa furar ba. Ya tashi ya tafi, kuma babu abin da ya karanta a littattafan gado da ya rage masa zafin wannan kalma.

Da fada ta cika, alƙali ya zauna gaban sarki, tsakuwar tana jibge a kan tabarmi a tsakiya. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ya ƙara masa adalci a kan ikonsa. Na bincika abin da aka umarce ni, na sami adadin nan ba ya rabuwa gida biyu, ba ya rabuwa uku, ba ya rabuwa da kowane adadi har zuwa casa'in."

Sarki ya ce, "Casa'in ne ƙarshen ƙidaya? Ina ɗari, ina dubu? Dagataina sun fi haka."

Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a buƙatar wucewa. Da a ce tsakuwar nan za ta jeru sahu ɗari daidai, kowane sahu bai kai casa'in da ɗaya ba. Wanda ya zagaya ya dubi sahun ta gefe, sai ya ga sun zama sahu ƙasa da casa'in da ɗaya, kowanne da ɗari a ciki. Ke nan duk babban rabo yana da ƙaramin rabo ɗan'uwansa, kuma ƙananan duk na gwada su sun ƙi. Hanya biyu kaɗai adadin nan ya yarda da su: ko a bar shi tsibi guda, ko a warwatsa shi ɗai-ɗai ga masu riƙo dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya, sarki kuwa ba shi da su. Duk mai shakka, ga tsakuwa nan, ya gwada."

Ba wanda ya motsa. Waziri ya matso ya faɗi maganar ceto a fili, cikin ladabi, yadda kowa ya ji. Fuskar sarki ta saki, ya ce, "Madalla. Ga mafita, kuma mafita mai kyau, rantsuwata ta cika, tsohuwa ta huta. Malam, miƙa hannunka."

Alƙali ya dubi tsibin. Kowace tsakuwa kamar 'yar'uwarta take, kowacce ya ɗauka ta zama ta mahaifiyarsa, kuma nisan da ke tsakaninsa da su bai fi kamu biyu ba. Ya tura hannuwansa cikin hannun rigarsa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ceto hakki ne, ba wajibi ba. Na bar hakkina."

Sarki ya gyara zama, muryarsa ta yi ƙasa, waɗanda suka san shi kuwa sun fi tsoron wannan a kan tsawa. Ya ce, "Kana tsammanin ka ɗaure ni da lissafi? Kai malami ne, ka sani idan rantsuwa ta gagara ana yin kaffara. To zan iya raba su yadda na ga dama, wani ya sami ƙari, wani ragi, in ciyar da miskinai goma, in wanke hannuna. Mahaifiyarka kuma ta tafi inda rabo ya jefa ta. Me hisabinka ya ce a kan wannan?"

Alƙali ya ce, "Bai ce komai ba, ranka ya daɗe, nan ne iyakarsa. Sarki ya faɗi gaskiya, kaffara ɗaya ce, ko an raba su ko an bar su, miskinai goma ne ba ƙari. Amma tun ranar da aka buɗe ƙofar Kanya, duk wanda ya zo roƙo sarki yana ce masa, ba ni ba ne, rantsuwa ce. Yau rantsuwar ta sauka, ba ta da sauran hanyar cika. Idan an raba miji da mata, an raba uwa da 'ya'ya, to sarki ne ya so, da sunansa za a yi, kuma da sunansa za a tambaya ranar da ake tambaya. Abin da na ƙi shi ne in zama hannun da zai rufe wannan gaskiya. Ina son mahaifiyata, Allah ya sani, jiya na bar ta tana fushi da ni. Hukunci na sarki ne."

Hakimai suna kallon ƙasa, kowa yana lissafin abin da zai rasa. Alƙali kuwa yana zaune, bai san inda maganar za ta faɗa ba, ya riga ya fara tunanin ko tsohuwar za ta iya kwana uku a kan jaki.

Daga bisani sarki ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Na nemi fushin nan a cikin zuciyata yanzu, in yi hukunci da shi, ban same shi ba. Ashe ya daɗe da tafiya, rantsuwar kaɗai nake ɗauke da ita. Mutane sun ce a bari su kai gero rumbu, wannan ne laifin da zan tarwatsa gari a kansa?" Ya umarci waziri a nemo miskinai goma a ciyar da su daga abincin gidansa. Ya ce mutanen Kanya su koma garinsu gaba ɗaya, su yi aikin ganuwa idan rani ya yi, jakadan da ya zagi dattawansu kuma ya je ya ba su haƙuri a inda ya zage su. Sannan ya sa aka yafa wa alƙali alkyabba, aka naɗa masa sabon rawani, ya kuma kafa doka a kan kansa cewa daga ranar, duk hukuncin da ya rantse a kai cikin fushi ba za a zartar ba sai alƙali ya saurare shi.

Mutane suka yi ta yabo, mafi yawan masu yabon kuwa su ne waɗanda da safe suke jiran kasonsu. Alƙali bai tsaya karɓar gaisuwa ba, ya tuɓe alkyabbar ya ba wani ya kai gida, ya nufi fili. Ya tarar ana ɗaure kaya, an ɗora mahaifiyarsa a kan jaki, Tabawa na riƙe da igiya. Ya kama ƙafarta ya gaishe ta.

Ta ce, "An ce har a gaban sarki ka ƙi ɗaukata."

Ya ce, "Haka ne, Inna."

"Ka san zai yafe?"

Zai iya cewa ya sani, da maganar ta ƙare nan, amma bai saba ba. Ya ce, "Ban sani ba."

Jakin yana ta kaɗa kunne. Can ta laluba ta ɗora hannunta a kan rawaninsa ta ce, "Na yafe maka, Malam, Allah ya yi maka albarka. Amma kada ka bari masu ba da labari su ce ban ji zafi ba." Ta ce wa Tabawa su tafi, ya tsaya a wurin har ayarin ya shige.

Masu hankali da suka ji wannan hikaya suka ce, adalcin mai mulki ba ya cika sai ya daina laɓewa a bayan kalmarsa, na alƙali kuwa ba a saninsa sai ranar da hukunci ya biyo ta ƙofar gidansu, ya gan shi, bai karkatar da shi ba.